Shirin jarrabawar RHCSA: abin da za a duba a kwamfutarka bayan an kashe ta an kunna

"Assalamu alaikum Malam. Na gama difloma a fannin kwamfuta shekara biyu da suka wuce, yanzu ina aiki a wani shagon buga takardu da gyaran kwamfuta a Kano. Burina in zama mai kula da sabar a kamfani. Wata huɗu ke nan ina kallon darussan Linux a YouTube, na kuma tara tambayoyin jarrabawa da ake rabawa a wani zauren WhatsApp, amma da na zauna gaban kwamfuta sai kaina ya ɗaure, in rasa ta inda zan fara. Laftof ɗina RAM ɗinta giga 8 ne. Wace jarrabawa zan nufa, RHCSA ko Linux+? Kayan da nake da su sun isa? Kuma wata nawa zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyi uku ka jero, amma wadda ta fi su nauyi ba ka sa mata alamar tambaya ba: me ya sa bayan wata huɗu na karatu hannunka ke tsayawa cak idan baƙin allon nan da ake buga umarni a cikinsa ya buɗe? A nan matsalar take, kuma ba raunin ƙwaƙwalwa ba ne. Ka yi wata huɗu kana kallon wani yana tuƙi, ba ka taɓa riƙe sitiyari ba. Jarrabawar da kake magana a kai kuwa ta tuƙi ce zalla.

Wace jarrabawa?

RHCSA ta kamfanin Red Hat ce, lambarta EX200, an fara ta a 2010 tare da fitowar RHEL 6 (RHEL shi ne Linux ɗin da kamfanin ke fitarwa, wato Red Hat Enterprise Linux). Babu tambayar zaɓi ko ɗaya a cikinta. Ana ba ka kwamfuta mai rai da jerin ayyuka da awa 3, ka aiwatar. Makin duka 300 ne, ana ci da 210. Babu intanet, babu littafi, sai takardun bayani da ke cikin tsarin kansa. Takardar shaidar tana aiki shekara 3. Kuɗinta a 'yan shekarun nan dala 500 ne a farashin Amurka, kuma farashi na bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka shafin Red Hat ne zai gaya maka na ranar da za ka biya. Kamfanin yana da kwasa-kwasansa biyu na shiri, RH124 da RH134, amma ba sharaɗi ba ne ka yi su kafin ka zauna jarrabawar.

Linux+ ta CompTIA ce, tambayoyi ne da ba su wuce 90 ba a cikin minti 90, ana ci da 720 cikin 900, akasarinsu na zaɓi da 'yan kaɗan na gwajin aiki. LPIC-1 takardu biyu ce, 101 da 102, kowace tambaya 60, kuma tana ɗaukar shekara 5 kafin ta tsufa. Akwai kuma LFCS ta Linux Foundation, ita ma ta aiki da hannu ce, awa 2. Idan wani ya ce maka ka nemi MCSA ta Microsoft, labarinsa ya kwana biyu, an rufe ta tun Janairun 2021.

Ra'ayina a bayyane yake: wanda yake son a ba shi makullin ɗakin sabar, RHCSA zai nufa. Linux+ ba banza ba ce, tana buɗe ido kan Linux iri-iri, amma ana iya cin kaso mai yawa nata da hadda, kuma mai ɗaukar aiki da ya san sana'ar ya san haka. Abu ɗaya kawai zan ce ka yi kafin ka yanke: ka tara tallan aiki guda ashirin na irin wuraren da kake so, ka ƙirga nawa suka ambaci Linux, nawa suka ambaci Windows Server ko Azure. Ofisoshi da yawa a ƙasar nan a kan Windows suke tafiya. Idan ashirin ɗin sun karkata can, ka bi su, kada ka kashe dala 500 don sha'awa.

Su kuma tambayoyin nan na zauren WhatsApp, ka goge su. Duk mai zama jarrabawar yana sa hannu kan alkawarin ba zai fallasa abin da ya gani ba, kuma wanda aka kama da su yana iya rasa takardarsa. Ko ba don wannan ba, ba su da amfani a nan, domin sunan diski da girma da lambar ƙofa duk suna iya sauyawa, kuma wanda ya haddace amsa bai san dalilinta ba zai tsaya a harafin farko da ya bambanta. Abin da kake buƙata kyauta yake a shafin jarrabawar: jerin manufofin EX200. Ka buga shi a takarda a shagonku. Ka lura da sigar da za ka zauna, domin jarrabawar tana bin sigar RHEL. RHEL 9 ta fito a Mayun 2022, RHEL 10 a Mayun 2025, kuma jerin ya sauya tsakaninsu. Na sigar 9 yana da babi guda kan kwantena, wato tafiyar da manhaja a keɓe cikin nata akwatin, da podman, manhajar da ke sarrafa su. Darasin bidiyo da aka yi zamanin RHEL 7 zai koya maka abubuwan da aka daina.

Ɗakin gwaji a cikin giga 8

Laftof ɗinka ta isa. Ka shiga BIOS ka tabbatar an kunna VT-x idan Intel ce, ko AMD-V, saitin da ke ba da damar tafiyar da kwamfuta a cikin kwamfuta, sannan ka saka VirtualBox, manhajar da ke yin wannan aikin. A ciki za ka gina kwamfutocin gwaji biyu, waɗanda 'yan sana'a ke kira VM. Kowace ka ba ta RAM giga 2 da diski giga 20, ka bar wa Windows giga 4 ɗinta. Kada ka saka musu fuskar tagogi da linzami, ka zaɓi ƙaramin tsari mai baƙin allo kawai, ya fi sauƙi ga injin kuma shi ne abin da kake son sabawa da shi. Ta biyun ka ƙara mata diski biyu marasa komai, giga 2 zuwa 5 kowanne, don aikin rarraba ma'aji. Idan akwai wani kuɗi da za ka kashe a kan laftof ɗin, ka sa mata SSD, domin za ka kashe ka kunna waɗannan na'urori ɗaruruwan lokuta.

RHEL ɗin kanta ba sai ka saya ba. Rajistar Red Hat Developer kyauta ce ga mutum ɗaya, tana ba da izinin na'urori har 16. Rocky Linux da AlmaLinux, kwafin RHEL na kyauta waɗanda suka fito a 2021 bayan an sauya alkiblar tsohon kwafin mai suna CentOS, su ma sun wadatar. Ubuntu kuwa kada ka yi shiri da ita, gida daban ce, da hanyar saka manhaja daban da tsarin tsaro daban.

Ga dabarar da za ta rage maka data. Ka sauke babban faifan ISO sau ɗaya, yana kusan giga 10, a inda ka samu intanet mai araha. A cikinsa akwai folda biyu, BaseOS da AppStream, su ne rumbun manhajojin. Ka ɗaura faifan a kan VM ta farko, ka rubuta fayil a cikin `/etc/yum.repos.d/` mai ƙarewa da `.repo` wanda ke nuna wa `dnf`, umarnin saka manhaja, waɗannan folda biyu. Daga ranar ba ka ƙara buƙatar intanet don saka komai. Rubuta wannan fayil ɗin da ka, ba tare da kwafa ba, shi kansa yana cikin abin da ake so ka iya, kuma idan ya ƙi a jarrabawa duk aikin da ke buƙatar saka manhaja ya tsaya tare da shi. Da zarar na'urorin biyu sun tashi lafiya, ka ɗauki hoton halin da suke ciki da VirtualBox, yadda duk ɓarnar da ka yi za ka koma farko cikin minti ɗaya.

Abin da ke kayar da mutane

Ba mutum ne ke zama yana karanta umarnin da ka buga ba. Halin da na'urar take ciki ake dubawa, kuma Red Hat ta faɗa ƙarara cewa dole saitinka ya tsaya bayan an kashe an kunna. Yawancin waɗanda nake gani suna faɗuwa sun san umarnin. Sun yi aikin, ya yi, sun gani da idonsu, amma a ƙwaƙwalwar wucin gadi ya zauna, da aka sake kunnawa ya bi iska. `systemctl start` yana tayar da sabis yanzu, `systemctl enable --now` ne ke sa shi tashi gobe. `firewall-cmd` ba tare da `--permanent` ba na yau ne kawai, da shi kuma ba ya aiki sai ka bi shi da `--reload`. `setsebool` yana son `-P`. Adireshin da ka sa da umarnin `ip` zai tafi, wanda ka sa da `nmcli connection modify` ne ke zama.

Mafi haɗari a cikinsu fayil ɗin `/etc/fstab` ne, wanda ke jera diskin da na'ura za ta ɗaura da kanta yayin tashi. Kuskuren harafi ɗaya a ciki yana iya hana na'urar tashi gaba ɗaya, ta faɗa yanayin gaggawa tana neman kalmar sirrin root, wato babban asusun da ke da iko kan komai. Na'urar da ba ta tashi ba kuwa, duk aikin da ka yi a kanta babu mai ganinsa. Don haka ka mayar da wannan ɗabi'a: ka samo UUID, wato lambar shaidar diskin, da `blkid`, kada ka dogara da suna irin `/dev/sdb1` domin jerin diski yana iya juyawa. Bayan ka rubuta layin, kada ka ɗaura da hannu. Ka buga `systemctl daemon-reload`, sannan `mount -a`, domin fayil ɗin da kansa ya ɗaura, sannan `findmnt --verify`. Idan akwai kuskure a nan zai fito, lokacin da gyara ke da arha. Ka kuma lalata fayil ɗin da gangan sau biyar a ɗakin gwajinka, ka kunna, ka ceto na'urar, har ganin allon gaggawa ya daina sa gabanka faɗuwa.

A LVM, wato tsarin haɗa diski a rukuni a yanka shi yanki-yanki, lissafi ne ke cin mutane. A ce an nemi rukuni mai guntaye na mega 8 kowanne, da yanki mai guntu 60. Umarnin shi ne `vgcreate -s 8M`, sannan `lvcreate -l 60` da ƙaramar l, abin da zai ba ka mega 480. Wanda ya buga babbar `-L 60` ya nemi mega 60 ne, tsarin zai cike masa zuwa 64, umarnin zai wuce ba ƙorafi, shi kuma ya tafi da murna da amsar da ba daidai ba. Idan ka manta `-s`, guntun zai zama mega 4 na asali. Wajen faɗaɗawa kuma `lvextend` yana son `-r`, in ba haka ba yankin zai girma amma tsarin fayilolin da ke kansa yana nan yadda yake, `df -h` zai ci gaba da nuna tsohon girma. Ka kuma riƙe cewa tsarin fayiloli na XFS ana ƙara mata girma amma ba a rage ta. Bayan kowane mataki ka duba da `vgs` da `lvs` da `lsblk`.

Sai SELinux, tsarin tsaron da ke liƙa wa fayiloli da ƙofofi tambari yana iyakance abin da kowane sabis zai taɓa, wadda masu koyo suka fi tsoro, wasu darussan intanet ma su ce ka kashe ta. Kada ka kashe. Ka yi wannan gwajin yau da dare, domin darasi uku ne a cikin ɗaya. Ka saka `httpd`, sabis ɗin da ke ba da shafin yanar gizo, ka sauya masa ƙofa (port) daga 80 zuwa 82, ka nuna masa sabuwar folda `/web` tare da ba ta izini a saitinsa, ka tayar da shi. Zai ƙi tashi, `journalctl -xeu httpd` zai nuna an hana shi kama ƙofar, alhali kai root ne. Dalili shi ne SELinux ta san wasu ƙofofi ne kawai a matsayin na shafin yanar gizo, irin su 80 da 81 da 443, 82 ba ta ciki. Maganin shi ne `semanage port -a -t http_port_t -p tcp 82`. Yanzu zai tashi, amma da ka nemi fayil ɗin da `curl` sai ka ga 403, an hana. Ka duba da `ls -Zd /web`, za ka ga tambarin foldar `default_t` ne, wanda httpd ba shi da izinin karantawa. A nan mutane ke garzayawa ga `chcon`, ya yi aiki nan take, amma bai rubuta komai a dokar tsarin ba, ranar da aka sake buga tambura zai goge. Hanyar da ke ɗorewa ita ce `semanage fcontext -a -t httpd_sys_content_t "/web(/.*)?"`, sannan `restorecon -Rv /web`. Shafi ya buɗe a gida. Ka je VM ta biyu ka nema, shiru. Katangar tsaro ce ta rage, wadda ake sarrafawa da `firewall-cmd`, sai ka buɗe `82/tcp` da `--permanent`. Ka kashe ka kunna, ka sake nema daga ta biyun. Wanda ya bi wannan hanya sau goma ya koyi tambayar da ta dace a duk lokacin da abu ya ƙi: sabis ne, tambari ne, ko katanga?

Dawo da kalmar sirrin root ma da SELinux yake ɗaure. A allon GRUB, allon zaɓi da ke fitowa da zarar an kunna na'ura, ka danna e, ka ƙara `rd.break` a ƙarshen layin da ya fara da linux, ka danna Ctrl da x. Daga nan `mount -o remount,rw /sysroot`, `chroot /sysroot`, `passwd root`, sannan `touch /.autorelabel`, ka fita sau biyu. Wannan mataki na ƙarshe shi ake mantawa. A lokacin da ka sauya kalmar, SELinux ba ta tashi ba tukuna, don haka sabon `/etc/shadow` ya fito ba tambarin da ya dace, kuma da na'urar ta tashi babu wanda zai iya shiga, har masu amfani na yau da kullum. A wasu sigogin `rd.break` kan tsaya yana neman kalmar da ka rasa, shi ya sa ya kamata ka iya hanya ta biyu, ta `init=/bin/bash`, ka gwada duka biyun a kan ainihin sigar da za ka zauna.

Sauran ƙananan tarkuna za ka haɗu da su da kanka. Ɗaya kawai zan ambata: `usermod -G` ba tare da `-a` ba yana fitar da mutum daga duk sauran rukunoninsa.

Littafin da aka yarda ka shiga da shi

Kada ka ɓata dare kana haddace dogon layin nan na `semanage`. Yana nan a rubuce a ƙarshen `man semanage-fcontext`, ƙarƙashin misalai, sai ka kwafa ka sauya suna. Haka `man nmcli-examples`, `man lvcreate`, `man 5 fstab`, `man 5 crontab`. Idan ka manta sunan umarni, `man -k` da kalma ɗaya zai jero maka, idan ya ce bai ga komai ba ka buga `mandb` tukuna. Daga makon farko ka ɗora wa kanka doka: idan abu ya ƙi, minti goma na farko na `man` ne da `journalctl`, waya tana aljihu. Da farko zai yi ciwo, amma wannan ita ce ƙwarewar da ake gwadawa. Ka kuma ba `vimtutor` rabin awa, ka maimaita shi kwana uku, domin mai fama da fita daga `vim` yana zubar da mintuna a kowane aiki.

Wata nawa?

Ga mai irin tushenka, a ƙiyasina mako 10 zuwa 12 ne, awa ɗaya da rabi kullum, kashi uku cikin huɗu hannu a kan madannai. Awa ɗaya bayan Asuba kowace rana ta fi awa bakwai ranar Lahadi, domin yatsu maimaici suke so. Mako uku na farko fayiloli, izini, masu amfani da rukunoni, `find` da `grep` da `tar`. Uku na gaba ma'aji, systemd, hanyar sadarwa da yadda na'ura ke tashi. Biyu na SELinux, katanga, NFS da autofs, chrony, da ƙananan rubutun bash. Ragowar duka gwaji ne: ka koma hoton farko, ka rubuta wa kanka ayyuka ashirin daga jerin manufofin, ka sa agogo. Bidiyon kada ka jefar da shi, amma ka kalli minti goma, ka tsayar, ka rufe, ka yi abin da ka gani ba tare da leƙe ba. Alamar ka shirya ita ce ka gama gwaji uku daban-daban a jere cikin awa 2, ka kashe ka kunna, komai ya tsaya. Kafin wannan kada ka biya kuɗi. Idan ka samu abokin karatu, ku riƙa lalata wa juna na'ura ku yi musaya, gyaran ɓarnar da ba kai ka yi ba ya fi kama da aikin gaske.

Ka san kuma iyakar takardar. Tana shaida cewa ka iya saita na'ura ka gyara ta, ba ta koya maka tsara ajiyar kariya, sa ido kan sabar ashirin a lokaci guda, ko yin magana da manaja ranar da komai ya tsaya. Ba ta ba da aiki da kanta, tana sa a kira ka ganawa ne. Bayanta akwai RHCE, jarrabawar EX294, wadda ke kan Ansible, manhajar saita sabar masu yawa a lokaci guda.

Ranar jarrabawa daga Kano

Tun 2020 ana iya zama daga gida. Za ka sauke wani tsari na musamman na Red Hat ka zuba a filas mai aƙalla giga 8, ka tayar da laftof ɗin daga kansa, ba daga Windows ba. Ana buƙatar kyamara ta daban mai waya aƙalla mita 1, domin mai sa ido zai ce ka zagaya da ita ya ga ɗakin da teburin, ka kuma nuna katin shaida na gwamnati mai sunan da ya yi daidai da na rajistarka. Gudun intanet da ake nema ba shi da yawa, abin da ake so shi ne kada ya yanke. A cikin filas ɗin akwai gwajin dacewa, ka yi shi kafin ka zaɓi rana, a ɗakin da za ka zauna, a daidai sa'ar da kake so, domin layin da ke gudu da hantsi yana iya rarrafe da Magariba. Wani lokaci Wi-Fi ɗin laftof ba ya aiki a wannan tsarin, don haka ka tanadi igiyar intanet zuwa rauta.

Wuta kuma kada ka dogara da ta NEPA. Da shigar da kai da duba ɗaki da jarrabawar kanta, ka lissafa awa 4. Batirin laftof zai riƙe ta na ɗan lokaci, amma rauta tana mutuwa nan take, ita ce ke buƙatar inbata ko ƙaramin batirinta. Idan lokacin zafi ne, Maris zuwa Mayu, ka zaɓi safiya ka ɗaga laftof ɗin daga kan teburi ta sha iska. Ka gaya wa mutanen gida tun jiya cewa ba mai shiga ɗakin, ba sallama, ba aiken yaro, domin shigowar mutum na iya sa a tsayar da jarrabawar.

Da an buɗe maka, ka ba minti biyar na farko ga karanta ayyukan duka. Ka fara da waɗanda sauran ke jingine da su, wato shiga na'urar, hanyar sadarwa da rumbun manhaja. Ka kwafi sunaye da kalmomin sirri daidai yadda aka rubuta su, da manya da ƙananan haruffa. Aikin da ya cinye minti goma bai motsa ba ka tsallake shi ka dawo. Ka kashe ka kunna sau ɗaya da zarar ka gama aikin ma'aji, sannan sau ɗaya kuma idan ya rage minti 25, ba minti 5 ba, yadda idan na'urar ta faɗa yanayin gaggawa kana da lokacin buɗe `/etc/fstab` ka gyara layin. Sakamakon yakan iso ta imel cikin 'yan kwanakin aiki. Allah Ya ba da sa'a, ɗan'uwa.